Zuwa ganin kogunan ƙanƙara a Alaska: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen jirgin ruwa

Duk wanda ya fara neman jirgin da zai kai shi ganin kogunan ƙanƙarar Alaska, jihar Amurka da ke can arewa, abin da kamfanoni ke fara nuna masa hoton ɗaki ne: gado mai laushi, baranda mai kallon teku, ma'aikaci riƙe da faranti. Daga nan sai tunaninsa ya karkata ga tambaya ɗaya, ko ya biya kuɗin jirgin alfarma ko ya shiga na gama-gari. A nan ake fara kuskure, domin wanda ya tsallaka rabin duniya ƙanƙara ya zo gani, kuma tsadar tikiti ba ita ke kai jirgi gaban ƙanƙara ba. Hanyar da jirgin zai bi da izinin da kamfanin ke riƙe da shi su ke kai shi.

Kogin ƙanƙara dusar ƙanƙara ce da ta yi ɗaruruwan shekaru tana taruwa a kan duwatsu, ta danne kanta har ta daskare, sannan nauyinta ya riƙa gangaro da ita a hankali. Wasu suna tsayawa a tudu. Waɗanda ake shiga jirgi dominsu su ne masu gangarowa har bakin teku, inda gaɓarsu ke tsagewa, wani ɓangare mai girman gidan bene ya rufto cikin ruwa da ƙara kamar aradu.

Zaɓen jirgi kafin zaɓen ƙanƙara

Wannan shi ne babban kuskure, kuma a kansa zan fi daɗewa. Wurin da ya fi suna shi ne gandun Glacier Bay. Hukumar kula da gandun dajin Amurka ba ta barin manyan jiragen fasinja fiye da 2 su shiga a rana, kuma ba kowane kamfani ke da izinin shiga ba. Waɗanda suka fi kowa yawan izini su ne Princess da Holland America, kamfanonin da ba a lissafa su cikin na alfarma. Norwegian ma yana shiga. A ɓangaren alfarma Seabourn yana da izini, amma akwai masu tsada ƙwarai da tafiyarsu ba ta bi ta nan ko kaɗan. Ke nan mutum zai iya biyan ninki uku na kuɗin maƙwabcinsa, maƙwabcin ya wuni cikin Glacier Bay, shi kuwa ko ƙofarsa bai gani ba.

Me ya sa ake nacewa a kan wurin? Domin wuni guda ake yi a ciki. Da sassafe jami'an gandun suke zuwa da ƙaramin jirgi su hau naku, su wuni suna bayani ta lasifika. Ana wuce kogunan ƙanƙara da dama kafin a isa Margerie, wanda tsayin fuskarsa daga saman ruwa ya haura mita 60, inda jirgi ke tsayawa kamar awa guda. Tarihin wurin kansa abin mamaki ne. A 1794, da matuƙin jirgin Birtaniya George Vancouver ya bi ta nan, ƙanƙara ce ta toshe kusan dukan mashigin. Da marubuci mai nazarin halittu John Muir ya zo a 1879 ta ja da baya da nisa, yau kuwa ta ja fiye da kilomita 100. Ruwan da jirgi ke bi wuni guda, shekara 250 da suka wuce duk ƙanƙara ne. Kuma ƙasar kakannin mutanen Huna Tlingit ce, waɗanda ƙanƙarar ta kora daga garuruwansu lokacin da ta mamayo.

Ba ina cewa in babu Glacier Bay tafiya ta lalace ba. Hubbard, da ke kusa da Yakutat, shi ne mafi girma cikin masu shiga teku a Arewacin Amurka: tsawonsa ya kai kilomita 120, faɗin fuskarsa kusan kilomita 10. Yayin da yawancin 'yan'uwansa ke ja da baya, shi ya daɗe yana matsowa gaba, har ya toshe mashigin Russell a 1986 da kuma 2002. In an dace da rana mai haske, babu kamarsa. Matsalarsa ita ce shi kaɗai ne a ranar. In hazo ya rufe ko gutsattsarin ƙanƙara ya cika ruwa, jirgi zai tsaya daga nesa, sai ka hango farin layi kawai. Haka Tracy Arm da Endicott Arm, mashigai ne masu ƙunci tsakanin duwatsu, kyawunsu ba a magana, amma sau da yawa ƙanƙara mai yawo kan hana babban jirgi ƙarasawa ciki. A watan Agustan 2025 ma an yi babbar zaftarewar ƙasa a can ƙuryar Tracy Arm wadda ta tayar da igiyar ruwa mai girma, don haka duk jadawalin da ya ambaci wurin a sake tambayar kamfani a kansa.

Gyaran mai sauƙi ne. Rufe hoton ɗaki, buɗe jadawalin tafiya, ka karanta shi rana bayan rana. Nemi sunan kogin ƙanƙarar a rubuce, da awannin da za a yi a wurin. In abin da aka rubuta bai wuce "ranar kallon shimfiɗar ƙasa" ba, babu suna, to cinikin biri a sama ne. Ni dai shawarata a nemi tafiya mai ranakun ƙanƙara biyu, misali Glacier Bay da Hubbard, ko Glacier Bay da College Fjord, wani mashigi mai kogunan ƙanƙara da yawa. Irin wannan an fi samunsa a tafiyar da ke tashi daga birnin Vancouver na Kanada ta ƙare a tashar Whittier ko ta Seward a Alaska, ko akasin haka. In yanayi ya ɓata rana ɗaya, akwai ta biyu.

Zaton ƙaramin jirgi ko'ina yake shiga

Masu sayar da tikitin alfarma suna yawan cewa jirginsu ƙarami ne, yana matsawa inda manya ba sa iyawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Jirgi mai fasinja 450 zuwa 750 ya fi mai fasinja 4,000 sauƙin juyawa a mashigi mai ƙunci, kuma yana iya tsayawa a ƙananan garuruwa irin su Wrangell. Sai dai a idon dokar gandun shi ma babban jirgi ne. Mashigin Johns Hopkins da ke cikin Glacier Bay, alal misali, ana rufe shi ga manyan jirage mafi yawan lokacin bazara saboda dabbobin teku da ke haihuwa a kan ƙanƙara, kuma tsadar tikiti ba ta buɗe shi. Wanda burinsa shi ne ya sauka cikin kwalekwalen roba ya ratsa tsakanin gutsattsarin ƙanƙara, wani rukuni dabam zai nema, wato ƙananan jirage masu ɗaukar mutum 100 ko ƙasa da haka, irin na UnCruise da Lindblad. Suna da tsada kamar na alfarma, amma ɗakunansu ƙanana ne, babu ƙawa. Kuɗin kusanci ake biya a can. Seabourn ma yana da irin wannan fita da kwalekwale a wasu tafiye-tafiyensa.

Kwatanta farashin da ba iri ɗaya ba

Nan kuma masu neman araha ne ke faɗawa rami. Farashin da jirgin gama-gari ke tallatawa na ɗaki ne da abinci na yau da kullum. A kai za a ɗora tukuicin ma'aikata, wanda ake cirewa kullum, wajen dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum. Sai intanet, sai lemo da kofi na musamman, sai gidajen abinci na daban. Mafi nauyi shi ne yawon da ake fita in jirgi ya tsaya a gari. Jirgin ƙasan White Pass a Skagway, fita kallon manyan kifayen teku a Juneau, hawa helikwafta a sauka a kan ƙanƙara wanda shi kaɗai ɗaruruwan daloli ne. Jiragen alfarma kuwa sun saba haɗa tukuici da abin sha da intanet cikin tikiti, kamfanin Regent har da yawancin yawon gari. In ka zauna da biro da takarda ka tara komai, tazarar da ke tsakaninsu takan ragu, ko da yake ba ta ɓacewa.

Amma ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Wani kaso na abin da ake kira "an haɗa komai" a jirgin alfarma barasa ce mai tsada. Musulmin da ba ya sha ya biya wa wasu ke nan. Don haka lissafin da Bature zai yi ya ga jirgin alfarma ya biya kuɗin sabulu, kai in ka yi naka zai iya fitowa dabam. Abin da ya rage maka na gaskiya a can shi ne fili da natsuwa: babu layi, babu turereniya a bakin ƙarfe ranar ƙanƙara, ma'aikata sun san sunanka. Ga dattijo ko mai ciwon ƙafa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga laifin wanda ya biya dominsa ba. Mai tafiya da yara kuwa jirgin gama-gari ya fi masa, don can ake da wuraren wasa da masu kula da yara. A na alfarma yaro zai gundura, iyayensa su takura.

Baranda

Mutane na zuba kuɗi a ɗaki mai baranda da zaton daga nan za su ga komai, har su riƙa jayayya kan ɓangaren dama ko hagu. A gaban kogin ƙanƙara matuƙi juya jirgin yake yi a hankali domin kowane ɓangare ya samu rabonsa. Wanda ya zauna a barandarsa rabin lokaci kawai yake gani. Wanda ya hau buɗaɗɗen bene yana bin kallon duk inda ya juya. Baranda daɗi ce, musamman da asuba, amma in kuɗi ya yi kaɗan, gara ɗaki mai taga a jirgin da zai shiga Glacier Bay da baranda a jirgin da ba zai shiga ba. Abin dubawa shi ne ko jirgin yana da benen da ake zagayawa a waje, da ko ana buɗe goshinsa ga fasinjoji ranar ƙanƙara, kamar yadda Holland America ya saba yi.

Tashar tashi da maganar biza

Daga Seattle ta Amurka ko daga Vancouver ta Kanada? Da yawa suna ɗauka duk ɗaya ne. Jiragen Seattle sukan bi ta yammacin tsibirin Vancouver, cikin buɗaɗɗen tekun Fasifik, inda igiya kan tayar wa mutum zuciya. Na Vancouver sukan bi ta ciki, tsakanin tsibirin da gaɓar Kanada, ruwa a kwance, duwatsu da dazuzzuka dama da hagu. Mai saurin jiri ya lura da wannan fiye da sunan kamfani.

Sai kuskuren da ke hana mutum hawa jirgi gaba ɗaya. Wata dokar Amurka ta 1886 ta sa jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa ba zai yi zagaye daga tashar Amurka ya dawo ba sai ya tsaya a ƙasar waje, shi ya sa jiragen Seattle ke yada zango a Victoria ta Kanada, ko da na 'yan awanni ne da dare. Mai fasfo na Nijeriya, Nijar ko Ghana da ke tafiya da bizar ziyara yana buƙatar ta Amurka da ta Kanada duka biyu, ko da bai yi niyyar sauka ba. Kamfani ba zai bar shi ya hau ba in babu, kuma ba lallai a mayar masa da kuɗinsa ba. Mazauna can masu takardar zama ƙa'idarsu dabam ce. Dokokin biza suna canzawa, don haka a tambayi kamfani a rubuce, a samu biza a hannu kafin a biya kuɗin da ba a mayarwa. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Lokaci, kaya da ibada

Jirage suna aiki daga ƙarshen Afrilu zuwa Satumba ko farkon Oktoba. Mayu da Yuni sun fi ƙarancin ruwan sama, Satumba ta fi araha amma ta fi jiƙa. Yankin dama na ruwa ne. Garin Ketchikan yana samun kusan mita 4 na ruwan sama a shekara. Kada sunan bazara ya ruɗe ka: iskar da ke busowa daga kan ƙanƙara ta fi sanyin hunturun Jos ratsa ƙashi. Riguna bisa riguna, rigar ruwa, hular sanyi, safar hannu, da madubin hangen nesa naka na kanka. Na sha jin wanda ya biya kuɗi mai yawa amma minti goma ya iya yi a waje, sauran kallon ta bayan gilashi ya ƙarasa shi.

A ƙarshen Yuni rana takan yi fiye da awa 18 a sama a Juneau, ta fito kafin ƙarfe 4 na asuba, ta faɗi bayan 10 na dare, kuma duhu ba ya kammala. Ka zauna da malaminka tun a gida kan lokacin Isha da Asuba da hukuncin ƙasaru da haɗa salloli. Alƙibla ma a can ba gabas take ba, kusan arewa sak take, jirgi kuma yana ta juyawa. Abincin halal sai an nema a rubuce makonni kafin tashi, a jirgin alfarma ko na gama-gari. In ba a samu ba, kifin salmon da sauran kifayen yankin suna nan kullum a teburi.