Yadda Ake Gina Labarin Farautar Tsohon Kundi

Fara da neman giɓin da tarihi ya bari da gaske, a nan ƙirƙirarka za ta zauna. Tambutu misali ce mai kyau: a 2012, da 'yan bindiga suka kama garin, an riƙa fitar da dubban littattafan hannu a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da kwalekwale, zuwa Bamako. Wannan ka bar shi yadda ya faru. Naka shi ne akwati ɗaya da bai isa ba. Amma kada sirrin da ke ciki ya taɓa aƙida, domin nan take mai karatu zai ajiye littafin. Wasiyya, nasaba ko taswirar wata rijiya a hanyar fatake sun wadatar.

Sai ka san kundin kamar ka riƙe shi. Littattafan yankinmu ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake cikin bangon fata, a saka a gafaka. Marubuci kan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafin da ya gama. Idan jaruminka ya ga kalmar ba ta dace da shafin da ke biye ba, ya san an zare warƙa. In ya ɗaga takardar ga hasken fitila ya hangi tambarin jinjirin wata uku, to takardar Italiya ce irin wadda ta cika kasuwanninmu a ƙarni na 19, kuma mai cewa kundin ya shekara 800 ƙarya yake yi.

Ramzi ma tarko ne mai daɗi. Malamai kan ɓoye shekarar rubutu cikin haruffa, kuma lissafin ya bambanta: harafin shin 1000 ne a hisabin Magrib (Arewacin Afirka), 300 a na ƙasashen Larabawa na Gabas. Bari mugun ya yi lissafi da na Gabas ya ɓata hanya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne gwajin kabon. Ba ya faɗin ranar da aka yi rubutu, lokacin mutuwar dabbar da aka jeme fatarta aka yi bangon yake kimantawa, da tazarar gomman shekaru ko fiye.

Alamu uku ko huɗu sun isa littafi guda, kowace ta tura jarumi wani gari. Ka sa masa wa'adi kuma: damina na tafe, gara ta riga ta fara cin gefen gafakar.