Yadda ake gwajin hasken rana, na fitila da na filashi wajen ɗaukar hoto

Mayar da kyamara kan M tukuna, wato yanayin da kai ke saita komai da hannu. Muddin tana kan otomatik, ita ke yanke hukunci, ba za ka taɓa gane abin da ya sauya hoton ba. Kafa ta kan ƙafa uku, ka samu mutum mai haƙurin zama, kuma kada ka taɓa saiti biyu a lokaci guda.

Fara da taga. Kashe duk fitilun ɗakin, ka zaunar da mutumin taga na gefensa. Sa ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) a 200, buɗin lens a f/4, sai ka yi ta gyara saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, har fuska ta fito. Idan ɓangaren inuwa ya yi baƙi, kara farin kwali kusa da kuncin. Kwalin ya wadatar, kada ka ɓata kuɗinka. A waje kuwa, guji rana tsaka, domin inuwa kan cika ramin ido. Jira sanyin la'asar.

Matsalar fitila launi ce. Kwan fitila mai jan haske yana tsakanin 2700K da 3200K a ma'aunin launin haske, hasken rana kuma wajen 5500K. Daidaita WB, wato saitin launin haske na kyamara, da wanda kake amfani da shi. In ka bar taga a buɗe ga fitila a kunne, rabin fuska zai yi ja rabi shuɗi, kuma babu saitin da zai gyara duka biyun. Idan layuka suka bayyana a ƙarƙashin LED, mayar da shata 1/50 ko 1/60 na daƙiƙa, gwargwadon wutar lantarkin ƙasarku.

A filashi ne sababbin hannu ke faɗuwa. Suna kunna shi, fuska ta yi fari fat, baya ya yi duhu, sai su hau murɗa shata. Ba nan gizo ke saƙa ba. Walƙiyar filashi gajera ce ƙwarai, saurin shata bai shafe ta ba. Shata na kula da hasken da ke wurin ne kawai, wato bayan mutumin. Hasken fuska kuwa ƙarfin filashi da nisansa ke juya shi.

Don haka a yi shi hawa biyu. Filashi a kashe, gyara saiti har baya ya yi yadda kake so, ko da fuska ta yi duhu. Sannan ka kunna shi, ka sa ƙarfinsa da hannu a 1/16 na cikakken ƙarfinsa. Fuska ta ƙone? Sauka 1/32. Baya ya yi duhu? Rage shata daga 1/125 zuwa 1/60, filashi kuma ka ƙyale shi. Kada ka wuce 1/200 ko 1/250, iyakar yawancin kyamarori ke nan, in ka haura baƙin layi zai yanke gefen hoton.

Nisa ma da sharrinsa. Ka janye filashi daga mita 1 zuwa mita 2, hasken da zai isa fuska kashi ɗaya cikin huɗu ne, ba rabi ba.

Kada ka harba shi kai tsaye a fuska. Ɗaga kansa ya daki farin silin, ka ƙara masa ƙarfi zuwa 1/8 ko 1/4. Bango mai fenti zai shafa wa fata launinsa. A ɗaki mai jan fitila, liƙa wa filashin ledar CTO mai launin lemo don launukan su zo ɗaya, kuma ka ɗauka a RAW, tsarin fayil da ke ba ka damar gyara launi daga baya.