Darasi na Bakwai: Mai Gadin Kwamfutar Gida

Wata ɗalibarmu a Unguwar Rogo, mai sana'ar ɗinki, ta kai filashinta wani shagon buga takardu a Terminus. Da ta dawo gida ta soka shi a kwamfuta, sai ta nemi hotunan ɗinkunanta ta rasa. Kowane fayil ya koma 'yar alama mai kibiya a gefe. Ta zo aji hankali a tashe, ta ce, "Malam, wahalar shekara biyu fa ke nan!" Allah ya sa ba a goge suke ba, bairos ne, wato cutar kwamfuta, ya ɓoye su. Tun ranar na ƙudurta sai mun yi wannan darasi.

Tsaron kwamfuta iri biyu ne. Akwai katangar tsaro, wadda za ku ga an rubuta Firewall a kan allo. Aikinta na mai gadin bakin ƙofa ne: duk baƙon da ya taso daga intanet ba a gayyace shi ba, ta tare shi. Amma ba ruwanta da abin da mutum ya ɗauko da hannunsa a filashi. Wannan aikin antibairos ne, mai bin gida ɗaki-ɗaki yana bincike.

To wanne za a saya? Ga mai kwamfutar gida, ni dai shawarata kada ya yi gaggawar kashe kuɗinsa. Windows 10 da Windows 11 suna zuwa da duka biyun kyauta, katangar da kuma antibairos mai suna Microsoft Defender. A danna Start, a rubuta Windows Security, a buɗe. Alama kore, lafiya lau. In ja ce ko ruwan ɗorawa, a danna a bi abin da ta ce.

Abin da ya fi damuna shi ne antibairos na sata da ake loda wa mutane a kasuwa kan 'yan kuɗi kaɗan. Sau da yawa ba ya sabuntuwa, wani ma da cutar yake zuwa. An ba kura ajiyar nama ke nan. Mai son wani daban, irin su Avast ko Bitdefender, ya sauke daga shafin kamfanin kansa. Kuma ɗaya ya isa, don in an haɗa biyu sai su riƙa faɗa da juna, kwamfuta ta yi nauyi.

Sai batun sabuntawa, wanda mutane ke kashewa don tsoron ƙarewar data. A watan Mayu na 2017, bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har da na asibitoci a Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganin tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka ji jiki. In data ta yi tsada, a sayi ta dare a sabunta. Mai shirin sayen kwamfuta 'yar gwanjo kuma ya sani, tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafin da ya saba ba Windows 10, don haka ya tambayi mai shago ko za ta ɗauki Windows 11.

Aikin gida: kowa ya soka filashinsa, kada ya buɗe. Ya danna ɓangaren dama na maus a kan sunan filashin, ya nemi Scan with Microsoft Defender. Ya rubuto abin da ya gani a littafinsa, mu duba tare ranar Asabar.