Kwana Biyu a Tsofaffin Biranen Italiya: Inda Ɗalibai Suka Fi Yin Tuntuɓe

Yawanci tun daren Laraba ake ɓata tafiyar, ana zaune a ɗaki. Ɗalibi ya buɗe taswira a waya, ya ga Rum da Filorens da Benis jere kamar an sa su a layi, ya duba ya ga jirgin ƙasa mai gudu awa ɗaya da rabi yake yi daga Rum zuwa Filorens, daga nan zuwa Benis awa biyu da 'yan mintuna. Sai lissafi ya fara daɗi: Juma'a nan, Asabar can, Lahadi a ƙarasa. Ni ma na yi wannan a shekarata ta farko, kuma abin da na fi tunawa daga tafiyar shi ne kujerun tasha da ciwon dunduniya.

Abin da lissafin ya manta shi ne lokacin da ke zubewa a tsakani. Masauki ba ya ba ka ɗaki sai bayan azahar, da hantsi kuma yana son ɗakinsa. Ga jaka, ga neman hanya, ga layi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Gyaran shi ne birni ɗaya, ka kwana biyu a gado ɗaya. Idan ƙafarka na ƙaiƙayi, ƙara ƙaramin gari da za ka je ka dawo a wuni: Pisa daga Filorens wajen awa ɗaya ce, Pompei daga Napoli ba ta kai haka ba. Rum kuwa kada ka haɗa ta da kowa, don ita kaɗai ta fi ƙarfin kwana biyu.

Takardu

Wanda ke karatu a Jamus, Faransa, Hangari ko wata ƙasar yankin Shengen, katin zamansa mai aiki tare da fasfo sun isa ya shiga Italiya ziyara. Wanda ke Birtaniya ko Saifurus ko Turkiyya da fasfon Najeriya ko Nijar, bizar karatunsa ba ta buɗe masa ƙofar Italiya. Sai ya nemi bizar Shengen daban, kuma ba a mako guda ake samun ta ba. Ɗalibin da ke cikin Italiya shi ma ya riƙe fasfo da katin zamansa, wanda suke kira permesso di soggiorno, ko rasidin gidan waya idan katin bai fito ba. Hoton fasfo a waya ba ya wadatarwa, domin doka ta tilasta wa kowane masauki ya rubuta bayanan baƙonsa. A nan ne kuma za a nemi harajin kwana na gari, 'yan Yuro kaɗan kowane dare, wanda sau da yawa ba ya cikin kuɗin da ka biya ta intanet. Ka bar tsabar kuɗi a aljihu saboda shi.

Jirgin ƙasa, inda aka fi asara

Jiragen da za ka fi hawa iri biyu ne, kuma dokarsu ba ɗaya ba ce. Masu gudu, wato Frecciarossa na Trenitalia da Italo, tikitinsu na jirgi ɗaya ne da kujera ɗaya. Farashin yana hawa yayin da ranar ke matsowa, don haka mai saye a tasha ranar Juma'a da yamma shi ke biyan mafi tsada. Mafi arahan kuma galibi ba a canza shi. Ka makara, kuɗinka ya tafi. Jiragen yanki, masu suna Regionale, farashinsu ba ya motsi, sai dai suna da tarkonsu. Idan tikitinka na takarda ne, dole ka zura shi a ƙaramar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci kafin ka hau. Tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu a idon mai dubawa, kuma "ni baƙo ne" ya riga ya ji ta sau dubu. Haka abin yake a bas da taragon cikin gari: ka sayi tikiti a shagon taba mai alamar babban harafin T, ka buga shi da zarar ka shiga.

Sai sunaye. Allon tasha bai san Filorens ko Benis ba. Firenze ya sani, da Venezia, da Roma. Sunan da yake nunawa ma na tashar ƙarshe ne, ba lallai inda za ka sauka ba, saboda haka lambar jirgin za ka bi, sannan ka duba binario, lambar dandamali. Manyan biranen kuma tasha fiye da ɗaya gare su. Wadda ke tsakiyar Filorens ita ce Santa Maria Novella; Rifredi da Campo di Marte suna gefe. Benis ta fi kowa yaudara: jirgin zai tsaya a Venezia Mestre, ka ga "Venezia" ka yi tsalle ka sauka, ka tarar da kwalta da motoci kamar kowane gari. Birnin ruwan yana gaba, a Venezia Santa Lucia, bayan an haye doguwar gada.

Kalma ɗaya da ya kamata ka haddace ita ce sciopero, yajin aiki. Ana yin sa akai-akai a harkar sufuri, yakan faɗo Juma'a ko ƙarshen mako, amma ana sanar da shi tun da wuri. Minti biyu na dubawa kafin sayen tikiti ya isa.

Rufaffiyar ƙofa da dogon layi

Gidajen tarihin Batikan ba sa buɗewa ranar Lahadi, sai Lahadin ƙarshen wata, wadda kyauta ce kuma cunkosonta ya fi na kasuwar jajibirin sallah. Wanda ya ajiye ɗakin ibadar Sistina, mai rufin da Michelangelo ya zana, don ranar Lahadi ya yi asara. A Filorens, gidajen tarihin Uffizi da Accademia Litinin suke hutu, abin lura ga mai tsawaita hutunsa. Lahadin farkon wata gidajen tarihin gwamnati kyauta ne a duk ƙasar, sai dai abin da ka tsira da shi na kuɗi za ka biya da tsayuwa.

Wuraren da kowa ke so, da lokaci ake shiga. Kolosiyam, filin wasan Rum da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, tikitinsa yana ɗauke da sunanka, ana iya neman shaida a ƙofa, kuma ya haɗa da Forum, kangon tsohon dandalin birnin, da tudun Palatino da ke kusa, waɗanda mutane da yawa ke wucewa ba su san sun biya ba. Hawa ƙubbar babban cocin Filorens, wadda Brunelleschi ya kammala a 1436, sai da ajiyar lokaci, kuma matakala 463 ce babu lif. Ka saya a shafin wurin na ainihi. Shafukan da ke fitowa a saman bincike sau da yawa na 'yan tsakiya ne masu ɗora riba. Kada kuma ka dogara da katin makaranta. Babban rangwamen gidajen gwamnati na 'yan Tarayyar Turai ne masu shekara 18 zuwa 25, ba na kowane ɗalibi ba. Ka tambaya, amma ka tanadi cikakken kuɗi. Pantheon ma, tsohon haikalin Rum da a da ake shiga kyauta, tun 2023 ake biya.

Wani abin dariya: mutum-mutumin David da ke tsaye a dandalin Signoria na Filorens kwafi ne. Na ainihi, wanda aka gama sassaƙawa a 1504, yana cikin Accademia.

Abinci

Nan ne Musulmi ya fi buƙatar buɗe ido, don alade a girkin Italiya ba ya zuwa da suna ɗaya. Prosciutto, pancetta, guanciale, speck, mortadella, salsiccia, duk shi ne. Carbonara da amatriciana, taliyar da Rum ke alfahari da su, da guanciale ake yin su. Miyar naman Bolonya, ragù, yawanci akwai alade da giya a ciki ko da an ce maka ta shanu ce. Mafi ɓoyuwa shi ne strutto, kitsen alade, da ke shiga wasu burodi da piadina, wata irin gurasa. Faɗin "senza maiale", ban da alade, bai isa ba, domin mai hidima zai iya ɗauka tsokar kawai kake nufi. Ambaci strutto da sunansa. Abin da ya rage ba kaɗan ba ne: pizza margherita ko marinara, taliya da tumatir, cacio e pepe, kifi. Mai son naman halal a Rum ya nufi unguwar Esquilino kusa da Termini, babbar tashar jirgin ƙasa. Babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1995, yana arewa, nesa da wuraren tarihi, sai ka ware masa lokaci idan kana son Juma'a a can.

Kuɗin coperto da za ka gani a rasit ba cuta ba ce, kuɗin zama ne da ake rubutawa a jerin abinci. Kofi a tsaye gaban kanta ya fi araha nesa ba kusa ba da zama a teburin dandali. Ka ce "latte", madara zalla za a miƙo maka. Yawancin gidajen abinci na kirki suna rufe kicin bayan biyu da rabi, ba sa sake buɗewa sai wajen bakwai da rabi. Wanda ke buɗe ƙarfe biyar da hotunan abinci da mai kira a ƙofa, kai yake jira. Ruwa kuwa kada ka saya a Rum. Famfunan titi da ake kira nasoni suna zuba dare da rana, kuma ruwan sha ne.

Ƙananan abubuwa masu tara

Zama a kan matakalar Sifaniya a Rum haramun ne tun 2019. Tsoma ƙafa a maɓuɓɓugar Trevi ta Rum, ba tantabaru abinci a dandalin San Marco na Benis, sayen jabun jaka a hannun masu shimfiɗa a titi, duk suna jawo tara, kuma a na ƙarshen har mai saye ake kamawa. Benis ta fara karɓar kuɗin shiga daga masu zuwa wuni ɗaya a 2024, a lokacin Yuro 5 ne a wasu ranakun da aka ware tsakanin Afrilu da Yuli, yawancinsu ƙarshen mako. A coci ana son kafaɗa da gwiwa a rufe, wanda ba zai dame mu ba, mayafi ma babu mai magana. Namiji ne ake so ya cire hula, akasin abin da muka saba na girmamawa.

Wanda ya tare ka da "ɗan'uwa" yana ƙoƙarin ɗaura maka zare a hannu, kuɗi zai nema. Janye hannunka ka wuce. 'Yan sane kuma sun fi aiki a Termini, a jirgin ƙarƙashin ƙasa, da bas mai lamba 64 da ke zuwa Batikan. Jakar baya ta koma gaba.

Akwati mai taya ka bar shi a ɗaki. Titunan Rum duwatsu ne jere, Benis kuma gadoji sama da 400 gare ta, kusan duk da matakala. Kafin ka yi murnar tikitin jirgin sama mai araha na komawa, duba filin da zai tashi: wanda aka rubuta Milan yana iya zama Bergamo, na Benis kuma Treviso, kowanne da tafiyar bas ta kusan awa guda. Jirgin ƙarfe shida na safiyar Litinin yana nufin barin masauki wajen ƙarfe uku na dare, ga lacca tana jira ƙarfe tara.