Darasi na 9: Yaron da Wuyansa Bai Tsaya Ba

A ƙauyukanmu akwai yaran da suka wuce wata 6 wuyansu bai tsaya ba, suka shekara 2 ba su zauna ba, hannu a dunƙule, ƙafa a sandare. Wasu su ce shan inna ne, wasu su ce ɗan ruwa ne. Ba ko ɗaya. Rauni ne ya sami ƙwaƙwalwar yaron tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko yana jariri. Ba a ɗauka, kuma ba laifin uwa ba ne.

Gidan mai kuɗi ma ana samun irin wannan yaro, amma ya fi yawa a gidan talaka. Dalilin yana cikin jinkiri.

Mace ta fara naƙuda bayan sallar isha'i. Maigida ba shi da kuɗin mota, ga damina ta cinye hanya. Sai a ce a bari gari ya waye. Kafin a ranto kuɗi a isa Dutse ko Birnin Kudu, jariri ya galabaita, ya fito bai yi kuka ba. Mintocin da ya yi babu numfashi su ne suke taɓa ƙwaƙwalwa. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ta gida ba ce.

Sai cutar shawara, ita ma tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Wannan ita ta fi ci mana rai, domin ana ganinta da ido kuma tana da magani. A makon farko, kullum a fito da jariri haske a duba farin idonsa da tafin hannunsa. In sun yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, kada a jira suna ya wuce, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A asibiti akwai fitila mai shuɗin haske da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta. A kuma raba kayansa da kafur, yana tsananta shawara ga wasu jarirai.

Sanƙarau da zazzabin cizon sauro mai hawa kai su ma suna jawo wannan rauni. Gidan sauro, da rigakafin mako 6 da 10 da 14, suna rage haɗarin.

Yaron da ya riga ya samu, gashin ƙashi yana taimaka masa ƙwarai, ana yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Da yawansu kaifin hankalinsu lafiya lau, a sa su makaranta.

Aiki

1. A kwafi wannan jimla sau 3: Naƙuda ta wuce awa 12, mu tafi asibiti.
2. Malam yana ajiye naira 500 duk ranar kasuwa. Nawa zai tara a mako 24?
3. Wane direba za ku kira da tsakar dare a garinku? Ku rubuta lambar wayarsa a bangon wannan littafi.