Kurakuran da ake yi kan ijma'in bulokcen, da yadda za a gyara

Bulokcen sarƙa ce ta tubala, wato shafukan da ake rubuta cinikin kuɗin intanet (kirifto) a ciki, ijma'i kuma shi ne yadda kwamfutocin da ke riƙe da sarƙar ke amincewa da rubutu guda. Wani kuskure da ke iya cinye jarin 'yan canji a Agege da Idi-Araba shi ne sakin naira da zarar walat (asusun ajiyar kirifto) ya nuna kuɗi na tafe. A lokacin, cinikin yana zauren jira ne, bai shiga tubali ba. A Bitcoin, mai turowa na iya maye gurbinsa da wani mai ladan aiki mafi tsoka, kuɗin su koma wurinsa. Ko ya shiga tubali ma, da sauran magana. Tubali na fitowa kusan kowane minti 10, wani lokaci mahaƙa (masu kwamfutocin da ke takarar fitar da tubali) biyu su fitar tare, sarƙa ta yi reshe. Reshen da aka fi zuba wa aiki shi ke tsira, a watsar da ɗayan. Don haka idan kuɗi masu nauyi ne, a jira tubali 6, wajen awa guda. Hoton allo da abokin ciniki ya turo ba hujja ba ce. A karɓi lambar cinikin a duba da kai.

Kuskure na biyu shi ne ɗora wannan 6 a kan kowace sarƙa. Tun 15 ga Satumba 2022 sarƙar Ethereum ta bar haƙa. Masu tantancewa ne ke ajiye jinginar ETH 32 (ETH kuɗin Ethereum ne), wanda ya sa hannu kan tubala biyu masu karo da juna a yanke masa daga jinginar. Tubali kan zo duk daƙiƙa 12, amma tabbaci na ƙarshe sai bayan wajen minti 13. A sarƙar Tron kuwa wakilai 27 ne ke karɓa-karɓa wajen fitar da tubali duk daƙiƙa 3, ciniki ya kafu idan 19 sun amince.

Masu gina manhaja a Yaba, nan ne abin ya fi damunmu: kada manhajarku ta ƙara wa mutum kuɗi a tubalin farko. Ku adana shaidar tubalin, ku sake dubawa har sarƙa ta ce ya kammala. A ƙananan sarƙoƙi ku tsawaita jira sosai, domin sau 3 aka sake rubuta tarihin cinikin Ethereum Classic (wata ƙaramar sarƙa daban da Ethereum) a Agustan 2020.

USDT kuma (kirifto da aka ɗaure darajarta da dala) ba ɗaya ba ce a ko'ina, kowace sarƙa da littafinta. Adireshin Tron da T yake farawa, amma na Ethereum da na sarƙar BNB duk da 0x suke farawa, a nan ake tuntuɓe. A tambayi sunan sarƙar, a fara gwaji da dala 5, a kuma bar ɗan TRX (kuɗin Tron) ko ETH a walat na kuɗin gas, wato ladan tura ciniki.