Yadda na ceto lambun bayan gida da ruwa ya ɗauke

Ruwan sama ya ɗauke mana a Kano a farkon Oktoba, sai ga zafin rana irin na kaka. Cikin kwana 4 alayyahu da kuɓewar da ke bayan madafinmu suka yi laushi, dashen tumatir kuwa ya kwanta. Ni ina fita aiki ƙarfe 7, yara sun koma makaranta, maigida yana ƙauye wajen cirar gyaɗa. Ɗan ruwan da nake watsawa a gurguje da safe, kafin azahar ƙasa ta bushe ƙayau.

Surukata ce ta ba ni dabarar. Ta ce, "'Yar nan, binne tulu za ki yi." Na sayo tuluna 3 na yumɓu waɗanda ba a shafa musu komai ba, na haƙa rami tsakanin shukokin, na binne su har wuya. Na cika su da ruwa, na rufe bakinsu saboda sauro. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tulun a hankali, saiwoyi su sha daga ƙasa, rana ba ta samun damar ƙafar da shi. Sannan na baza ɓawon gyaɗa da busasshiyar ciyawa a gindin shukar.

Cika tulunan yanzu aikin babban ɗana ne, duk bayan kwana 3 da la'asar. Ruwan alwala ma muna tarawa a bokiti, amma na hana zuba na wanki, sabulu yana cutar da shuka.

Tumatir biyu ba su farfaɗo ba, kuma abin ya yi mini ciwo. Ranar Juma'a dai da alayyahun gida na yi miyar taushe.